Sauran-Layi Mai Yankan Gilashi

Mahaifina ya yi shekara arba'in da ɗaya yana yankan gilashi. In ka shiga jerin shagunan da yake ka tambayi mai gilashi, za a ce maka wanne a ciki, don su uku ne. Amma ka ce Sauran-Layi, ko mai shara zai nuna maka ƙofarsa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. A rular awonsa kowane inci an raba shi gida takwas, kowane gida shi ne layi ɗaya. Duk wanda ya kawo masa awo ya ce inci kaza, Baba ba zai ɗaga kai ba sai ya tambaya, "Sauran layi nawa?" In mutum ya ce ai kusan daidai ne, sai ya ajiye abin yanka ya ce, "Kusan daidai katako ne ya san shi. Gilashi bai san shi ba. Koma ka sake aunowa."

Shagon ba wani babba ba ne. Tebur ne mai faɗi a tsakiya, an shimfiɗa masa tsohon bargo, wanda Umma ta ce nata ne aka sace mata tun ina goye. Gilasai suna jingine a jikin bango cikin maratayar katako, bakinsu kore-kore. A kusurwar tebur akwai gwangwanin kananzir, a ciki abin yanka yake kwana, wani ɗan ƙarfe kamar alƙalami mai 'yar mitsitsiyar taya a baki. Sai filaya, da tsintsiya, da bokitin tarkace, da doguwar rular ƙarfe mai inci sittin wadda layukanta sassaƙa su aka yi a jikin ƙarfen. A bayan kunnensa kullum akwai fensir, amma ban taɓa ganin ya yi lissafi da shi ba, alama kawai yake sawa. Hannayensa kuwa duk tabo ne, kowanne da labarinsa, kuma a duk labaran shi ne mai laifi, gilashin bai taɓa yin laifi ba.

A kan wannan tebur na koyi abin da nake ci da shi yau. Ina aji huɗu aka ba mu lissafi, a haɗa rabi da kwata. Ni da ƙwalwata sai na haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na samu biyu bisa shida. Aka zabga mini jan biro. Na zo shago ina kumbure-kumbure, ina cewa malamin ne ba ya ƙaunata. Baba ya karɓi littafin ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar Baba, kin haɗa rabi da kwata, kin samu abin da bai kai rabin ba ma. Sauran fa? Ɓera ya ci?"

Ya jawo rula ya ɗora yatsana a kai. Rabi layi huɗu ne, kwata layi biyu, in an haɗa shida. "Ba a haɗa kaya sai an mai da su iri ɗaya," in ji shi. "Ki mai da kowa layi, sannan ki ƙirga." Daga nan ya ce in haɗa layi bakwai da layi biyar. Na ce sha biyu bisa takwas. Ya girgiza kai ya ce na yi wa jaki lodin da ya fi ƙarfinsa, jakin nan takwas kaɗai yake ɗauka. In sauke takwas, su ne inci guda cif, in ajiye shi gefe. "To, sauran layi nawa?" Na ce huɗu. "Huɗu kuma mene ne?" Na ce rabi. Inci ɗaya da rabi ke nan. Yau shekarata goma sha shida ina koyar da aji huɗu, kuma duk ɗan da ya wuce ta hannuna ya san jakin nan, ko da bai san mai jakin ba.

Mu biyu Allah ya ba shi, ni da Yayana. Yaya a shagon ya tashi, ya iya yanka, hannunsa ba ya rawa. Mutum ne mai son tsari, shi ya kawo allon suna da kujerar baƙi, shi ya sa Baba yake kiransa Manaja. Ni kuma tun da na fara koyarwa na koma Malama. Ni ce mai zafin gidan, wannan ba sai an faɗa ba. Umma takan ce da za a sa mini ashana a baki, da ta kama da kanta.

Shekara biyu da suka wuce idon Baba ya fara gajiya. Ni na kai shi asibiti, ni likita ya faɗa wa cewa na hagu ya tafi, na dama kuma a lallaɓa shi da magani, ba yanar ido ba ce da za a kankare. Baba ya ce likitan yaro ne, bai san ido ba. Muka dawo, ya ci gaba da yanka. Sai Yaya ya kawo wani sabon tsari, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ya kawo shi. Duk wanda ya zo da awo, shi zai karɓa a bakin ƙofa, ya haɗa a wayarsa, ya rubuta jimlar da manyan lambobi a takarda, ya miƙa wa Baba. Kada tsoho ya wahala da ƙananan rubutun mutane.

Wata uku ana haka, gilashi biyu suka fito da tsawon da ya wuce awo. Ba da yawa ba, layi ɗaya tak kowannensu. Wanda bai san sana'ar ba zai ce a aske mana. To gilashi mai kauri ba a aske masa layi ɗaya. In ka gwada, bakin zai ɓarɓashe, ko tsaga ta ruga har tsakiya. Sai dai a jingine shi a jira ƙaramin aiki, a yanko sabo. A shekara arba'in Baba bai yi irin wannan sau biyu a jere ba.

Ranar da na biyun ya dawo, Yaya ya zo gida ya same mu a tsakar gida. Ya zauna a ƙasa, ya yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe ya fito da ita.

"Baba, ba don gilashin ba. Yau layi ne ba ka gani ba, gobe bakin gilashin ne ba za ka gani ba, ya sauka a jijiyar hannu. In aka sake samun na uku, don Allah ka huta a gida."

Umma ta so ta mai da abin wasa. Ta ce in za a zaunar da shi a gida a nemo mata wani ɗakin, don zai auna mata tukwane ya ce ba su kai ba. Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na goyi bayan Yaya, har na fi shi zaƙewa. Na ce ai ni na ji bakin likita, na ce taurin kai ba ya gyara ido. Baba ya saurare mu har muka gama. Bai yi musu ba.

"Gilashi ba ya ƙarya," ya ce. "In ya yi tsawo, ni na yanka. Na yarda, na uku shi ne na ƙarshe. Amma ranar da kuka ga na bar teburin nan da sunan na kasa, ku fara ƙirga mini kwanaki."

Tun daga ranar ya rage cin abinci. Umma ta ce da safe yakan daɗe a zaune yana juya hannayensa yana kallo. Ni kuma duk lokacin da wayata ta yi ƙara na ga Yaya ne, sai in ɗauka na ukun ne ya dawo.

Wata Asabar da hantsi na biya shagon in kai masa maganin ɗiga wa ido. Ina nan sai ga Kafinta, tsohon abokinsa da ke ƙofa ta huɗu daga tasu. Shi wannan bawan Allah yana da rula mai naɗewa, inci ashirin da huɗu kacal, ya ƙi sayen tef, wai tef yana miƙewa. Don haka duk abin da ya fi rularsa tsawo, gida-gida yake auno shi. Ya ƙera wa wani mai kemis kabad ɗin magani mai gida uku, yana son gilashi ɗaya dogo da zai rufe gabansa, ya shiga cikin kwarmin katako ta gefe. Mai kauri ake so, kuma irin kaurin nan guda ɗaya ya rage a shagon.

Da wani ne, da ya miƙa wa Yaya takarda shiru. Amma Kafinta ba ya iya yin abu shiru, ko atishawa sai an ji a titi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana karantowa da ƙarfi.

"Gidan farko sha takwas da rabi! Na biyu sha takwas da kwata uku! Na uku ashirin da layi uku! Na riga na cire masa wurin numfashi don ya shige kwarmi, kada wani ya ƙara mini ko ya rage."

Yaya ya latsa waya, ya rubuta, ya kawo takardar. Baba ya kai ta har bakin hancinsa. An rubuta hamsin da bakwai da layi shida. Ya daɗe yana kallonta.

"Abokina, sake faɗa mini," ya ce.

Kafinta ya sake. Na ga leɓen Baba yana motsi. Rabi, huɗu. Kwata uku, shida. Da uku. Sha uku. Ya sauke takwas suka zama inci, ya ɗora a kan hamsin da shida.

"Manaja, biyar ne."

"Baba, waya ce fa ta haɗa."

"Na ji. Biyar ne."

Ni ma na riga na haɗa a kaina, sha uku bisa takwas, ɗaya da biyar bisa takwas. Ko ɗan ajina zai faɗa maka. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu ba tare da ya juyo ba.

"Malama, nan ba aji ba ne."

Na haɗiye, amma da ƙyar. Yaya ya matso ya rage murya don kada Kafinta ya ji. Ya ce in aka yanka biyar ya yi gajere, gilashin zai fita daga kwarmi, kuma babu wani a shago. Ya ce, "Baba, ka tuna mun yi magana."

"Mun yi," in ji Baba. "Kama mini can gefen."

Suka kwantar da gilashin a kan bargo. Baba ya goge shi da tsumma, ya ɗora doguwar rula. A nan ne na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, don rabona da tsayawa in kalli aikinsa an daɗe. Bai sunkuya ya duba rular ba. Idonsa yana kan bango. Babban yatsansa ya kai ƙarshen rula, wurin sittin, ya dawo da farce yana bin sassaƙar, ƙas, ƙas, ƙas, har ya sauko inci uku. Sannan ya koma gaba a hankali, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya tsayar da farcen, ya zaro fensir daga bayan kunne ya sa alama a jikinsa. Ya yi haka a ɗaya gefen. Ashe mutumin nan da farce yake gani, mu muna can muna gardamar ido.

Ya daidaita katakon jagora a kan alamomin biyu, ya ciro abin yanka daga kananzir, ya yi bisimilla. Ja ɗaya ya yi, daga can har nan, ƙiiii, ba tsayawa, ba maimaitawa. Ya turo gilashin bakin tebur, ya ɗan ƙwanƙwasa ƙarƙashin zanen, ya danna. Ƙas! Ya rabu, baki sumul kamar an goge.

Yaya da Kafinta suka ɗauka, ni da Baba muna biye. Ƙofa huɗu ce kawai, amma wallahi na ji kamar tafiyar yini. Ina riƙe da hannunsa, sai na ji tafin ya jiƙe da gumi. Ko da lissafi ya yi daidai, in farcen ya tsallake layi ɗaya, shi ke nan. A shagon Kafinta aka ɗaga gilashin, aka sa bakinsa a kwarmi, aka tura. Ya shige sululu, ya je ya tsaya a ƙarshe. Kafinta ya girgiza shi, ko motsi. Ya gwada cusa farce a gefe, bai shiga ba.

"Kai! Kamar a nan aka haife shi," ya ce. "Sauran-Layi, Allah ya bar mana kai. Da an ƙara ko gashi ɗaya, da bai shiga ba."

Baba ya ce masa ya daina surutu ya je ya sayi tef. Muka dawo.

Muna shiga shago na fizge wayar Yaya, ban ko nemi izini ba. Lissafin yana nan a kan fuskarta: 57.625. Ina gani na gane, kuma raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi.

"Yaya! Wannan shidan kake karantawa layi shida? Innalillahi! Waya gida goma take raba inci, rula gida takwas. Shidan waya ba shidan rula ba ne!"

Ya ce ai kullum haka yake yi, kuma yana fita daidai. Na ce sa'a ce take fid da shi. Rabi da kwata ya san su da ido. Layi ɗaya waya takan fara shi da ɗaya, layi uku ta fara shi da uku, sai abin ya yi kamar gaskiya. Amma duk ranar da ragowar ta faɗo a kan biyar, waya za ta nuna masa shida. Na nufi ƙusar da ake soke tsofaffin takardu a bango, na zazzage su a kan tebur, na tono na gilasai biyun nan da suka dawo. Kowacce da rubutun Yaya, manya-manyan lambobi, kowacce ta ƙare da layi shida. A bayansu an maƙala awon masu aikin. Na haɗa na farko, biyar. Na haɗa na biyu, biyar. Baba bai kuskure ko da gashi ba. Abin da aka rubuta masa shi ya yanka.

Yaya ya zauna a kan kujerar baƙi. Ni kuwa na samu wuri. Na ce kwana da kwanaki an hana tsoho cin abinci, an sa shi yana kallon hannunsa kamar na ɓarawo, na ce wayar banza wayar wofi. Ina cikin yi Baba ya ce, "Malama, ke ba ki cikin waɗanda suka ce in huta?"

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ya sauko daga kujera ya durƙusa. Mutum mai shekara arba'in da shida, da furfura a gemu.

"Baba, ka yafe mini. Ni na yi, na ɗora maka."

"Tashi, Manaja, akwai tarkace a ƙasan nan." Ya laluba ya kama kafaɗarsa. "Don ka sauƙaƙa mini ka yi. Ni ma da laifina, da na karɓi jimla ban tambayi 'ya'yanta ba. Shekara arba'in ban taɓa yi ba."

Na ɗauka magana ta ƙare, tsoho ya ci gari, gobe ya koma teburinsa. Har na fara tattara takardu. Sai na ga ya ɗauki abin yanka, ya goge shi da tsumma a hankali, ya kamo hannun Yaya ya sa masa a tafi, ya naɗe yatsun a kai.

"Baba, me ke nan?" na ce. "Ai an gano ba kai ba ne!"

"An gano. Shi ya sa." Ya juyo wajen da muryata take, ba daidai fuskata ba, ɗan gefe kaɗan. "Lissafinsa ne ya kuskure, amma maganarsa gaskiya ce. Wata bakwai rabona da ganin layi a rular nan. Yau farce ya ƙirga daidai. Ɗazu da na danna gilashin, ban ga inda bakinsa yake ba, iskarsa na ji a wuyan hannuna. Da kun sallame ni a kan na kasa haɗa rabi da kwata, da baƙin cikin ya kashe ni. Yanzu kuwa da hannuna na ajiye, kuma na ajiye a kan daidai."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ni da ba na kuka ko a gidan rasuwa sai an gama.

Ya ce a jawo masa kujerar baƙi zuwa kan tebur, wajen gwangwanin kananzir. Baƙi su tsaya, ai ba kwana suke yi ba. Ya zauna, ya gyara rigarsa, ya kafa doka ɗaya: daga yau duk awon da ya shigo shagon nan, da baki za a karanto shi, gida-gida, yana ji. Waya kuma a bar ta ta yi aikin kira.

Gidan da aka so ya zauna bai zauna ba, Umma ta tsira da tukwanenta, kuma ya koma cin abincinsa har da neman ƙari. Kullum da safe Yaya yake riƙo hannunsa su tafi tare. Makon jiya na biya da maganin ido, tun daga ƙofar Kafinta nake jiyo su. Wata mata ta kawo awon madubi, Yaya yana karantowa, kwata uku da layi bakwai. Ya tsaya da abin yanka a hannu, bai taɓa gilashin ba.

"Sha uku," in ji Baba daga kujerarsa. "Sauke wa jakin. Sauran layi nawa?"

"Biyar, Baba."

"To, yanka."